Ranar da Kwaɗin Kududdufinmu Suka Yi Shiru

Kakata Inna Dije ba ta fara tatsuniya sai kwaɗi sun fara kuka. Haka muka tashi muka tarar. Da an gama sallar magariba za mu kewaye wuta a tsakar gida, mu jira. In ƙanwata Hajo ta ƙosa, sai Inna ta ce, "Masu gida ba su yi sallama ba, mu baƙi mu ka hwara magana?"

Gidanmu yana gefen Tawa ta arewa. A bayansa akwai kududdufi, ramin da kakana ya haƙi ƙasar gini. Inna ce ta mai da shi abin da ya zama. Tun tana da ƙarfi ta ɗauko laka a ƙwarya daga wani tafki, da saiwar bado a ciki, ta zuba. Ta saki ƴan tarwaɗa da gaiwa. Daga nan ba ta ƙara yi masa komai ba, sai hana mutane. Ba a nome ciyawar bakinsa, ba a wanki da sabulu a ciki. Ganyen bado yana rufe ruwan daga rana, kifi yana cinye ƴaƴan sauro, kuma ruwan yakan kai mu tsakiyar rani. Da shi take ban ruwan albasa da yakuwa.

Shekarar da nake faɗa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina da shekara goma sha uku, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ina ganin na fi kowa a gidan sani. Wani ma'aikacin tsabta ya zo ajinmu ya ce ruwa kwance shi ke haifar da sauro, maganinsa a zuba masa mai. Hajo kuwa ta sha zazzaɓi a daminar. Ban shawarci kowa ba. Na je tashar manyan motoci na roƙi baƙin mai cike da gwangwani biyu, na faki idon mutane da la'asar, na juye a kududdufin. Na tsaya ina kallon yadda yake yaɗuwa, ina jin daɗi.

Da magariba muka zauna. Lokacin sabon gero ne, Inna tana gasa mana tumu. Muka jira. Wuta ta ci itace ɗaya, aka ƙara na biyu. Babu kwaɗo ko ɗaya.

Babana ya ɗauki fitila ya zagaya. Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce kifi duk sun taso ciki sama, ruwan ya yi baƙi. Sai ya ambaci Agali. Agali Buzu ne da ya kafa bukkarsa kusa da mu, Inna ta yarje masa ya riƙa shayar da awakinsa. Kwana biyar kafin nan awakin sun shiga albasa, Baba ya hana shi ruwan, har suka yi cacar baki.

"Shi na," in ji Baba. "Gobe da sahe sai mun tai gun mai gari."

"Zamna, Mamman," in ji Inna. "Ba Agali na ba."

"To wa na, Inna?"

Ta murje tumu a tafinta, ta miƙo mini. Da na kawo hannu sai ta riƙe shi, ta kai kusa da fuskarta kamar mai duba ƙaya. Tun da la'asar na wanke shi da toka har sau uku, amma na san ta ji warin man. Ta sake ni. Kullum takan ce mini "maigidana", tana tsokanata cewa na bar ta ba cefane. Ranar ba ta kira ni haka ba.

"Yau za mu yi ta ba sallama," ta ce. "Ga wata tatsuniya tahe, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zauna.

Ta ba mu labarin wani mutum mai rijiya a ƙofar gida, wanda ya so ruwansa ya zama kamar madubi don ya riƙa ganin fuskarsa. Ya kori kwaɗo saboda ƙara, ya tuge ciyawa saboda ƙazanta, ya kama kifi saboda yana motsa ruwa. Kwana uku yana kallon kansa. A na huɗu ruwan ya ce shi ba ya kwana shi kaɗai, ya nutse cikin ƙasa. Mutanen gari suka taru, suka kama wani baƙo mai wucewa suka ce shi ya sace ruwan. Mai rijiya yana tsaye cikinsu.

Nan ta tsaya. Hajo ta ce, "Sai mi ya yi, Inna?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Wagga ba ni ka ƙare ta ba. Mai ƙarshenta yana nan zamne."

Ba ta kalle ni ba. Itace ya fashe a wuta. Na dubi hannun Baba a kan gwiwarsa, na san nauyinsa. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na cika bakina da tumu.

Washegari Baba ya kai ƙara. Babu shaida, ba a ci Agali tara ba, amma unguwa ta juya masa baya, mata suka daina sayen cukun matarsa. Kafin wata ya mutu ya naɗe tabarmin bukkarsa ya yi wajen Takanamat. Na ga tafiyarsu ta kan katanga. Inna ta bi su har bakin hanya da ƙwaryar gero.

Rani biyu tana kankare baƙar lakar nan da hannunta tana zubarwa a nesa, ni ina ɗaukar mata. Sauro kuwa a daminar da ta biyo sai da ya hana mu zaman tsakar gida. Ba ta taɓa tona ni ba. Ba ta kuma sake ce mini maigidana ba har ta rasu.

Da na girma na nemi Agali sau biyu a kasuwar dabbobi, ban samu wanda ya san inda ya ƙare ba. Kududdufin yana nan. Ni na sake ɗauko masa laka da bado, kuma na koyi abin da ya fi wuya, wato cire hannu. Da ina ɗauka tatsuniyar kan ruwa take. Yanzu na san ƙofa ce Inna ta buɗe mini, ta riƙe ta har tumu ya huce.

Jikokina ma sukan jira kwaɗi. Bara na ba su labarin mai rijiya, ƙaramar ta tambaye ni abin da ya yi. Na ce mata shiru ya yi, kuma sunansa Illa, kamar kakanta.