Raƙiya da Gilashin Ordinatar

Duk garin Barmu an san Raƙiya mai ƙosai da kaifin baki. Ta yi da masu awo, ta yi da awakin maƙwabta, marigayi mijinta Illa ma bai tsira ba. Suna ɗaya ne tak bakin nan bai taɓa kamawa ba, na Jibrilla, ɗanta na fari. Haka ta taso ta tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ita kuwa ta riƙe abin fiye da kowa. In ta kama dole, sai ta ce "wancan".

Wancan ya bi samarin Adar zuwa Abija, can ƙasar waje ta bakin teku, ya yi iyali can, zuwa gida ya gagara. Ƙannensa mata aure ya kwashe su. Gida ya rage daga ita sai kaji.

Shi ya aiko mata ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake lanƙwasawa ta koma kamar allo. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kira. Maƙwabciyarta Zaliha ke dannawa, ita ke gaisawa da shi, ta ba shi labarin damina da na waɗanda suka rasu. Raƙiya sai ta ja faifai gefe, wai tsintar wake take, tana satar kallonsa ta wutsiyar ido. Kallon nan take jira tun daga Asabar, ko da yake ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Tattali ne ya ja mata. Ta ɓoye ordinatar a lanƙwashe, gilashin yana sama, ta jera kwanonin samira a kai don kada idon kowa ya kai gare ta. Da aka ɗauko, gilashin ya tsage, baƙi ya malale ciki kamar an zubar da tawada. Murya na fita, fuska babu. Me za ta yi da muryar da ba za ta amsa ba? Juma'o'in da suka biyo baya ta yi kewarsa har waken ya daina tsintuwa.

Ta naɗe ta cikin zane, ta hau mota ita kaɗai zuwa Tawa, wajen Almustafa mai gyara a bakin kasuwa. Ya ce sai an aiko sabon gilashi daga Yamai. Ranar da ya iso ta koma, ta zauna kan benci tana kallo. Ya ɗumama gefen tsohon, ya ɓamɓare shi a hankali, ya soka siririyar waya a mazauninta, ya manne sabon. Haske ya kawo tas.

"Inna, bari mu gwada," in ji shi. "Wa ka kiranki da ita?"

"Wancan na Abija."

Kafin ta ce uffan ya danna. Sai ga muryar Jibrilla ta cika shagon, ga maza zaune suna jiran wayoyinsu, babu Zaliha, babu faifai. Raƙiya ta ja lulluɓi, ta juya fuska ga bango.

Jibrilla bai yi mamaki ba, ya san uwarsa. Ya ce wa Almustafa ya gaishe ta, ya gaya mata gobe zai shiga aikin gonakin koko, can babu rezo, waya ba ta shiga, sai an ƙare girbi za a sake jin sa. Ya ɗan jira ko za ta waiwayo. Ita kuwa wuyanta ya ƙi. Ya yi sallama, ya kashe.

Sai da shagon ya ɗan watse ta matso kusa da mai gyaran, ta rage murya.

"Ɗan nan, kai da kag gane shi. Ya rame, ko yana nan da jikinai?"