Maganar 'Yata a Kwamfutar Injiniya

Faɗanmu na farko da mijin 'yata a kan fanka ne. Na je musu zama lokacin da ta haihu, zafi kamar a gasa mutum, ina kwance a falo sai na ji iska ta tsaya. Na buɗe ido, ga shi tsaye da wayar fankar a hannu.

"Mama, na ga kin yi barci ne."

"To mai barci gawa ne, Injiniya? Mayar mini da abata."

Ya mayar, amma ya rage ta zuwa lamba ɗaya.

Injiniya ni na laƙa masa, don ba'a. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis, shekara goma sha bakwai a ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, ga tulin wayoyi, ga ƙwan lantarki ɗaya wanda ba ya kunnawa sai ya fara tuntuɓe. Kar in ɗauki alhakinsa, ba ya rowar abinci, kuma bai taɓa ɗaga wa 'yata murya ba. Amma wuta, ta bango ko ta batir, ji yake kamar jininsa ake zuƙa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne kwamfutarsa ta hannu takan yi kwana huɗu ba caji. Wasu su yi taƙama da 'ya'ya, shi da batir.

Wata rana ya zaunar da ni yana mini bayani, wai in waye.

"Barcinta iri biyu ne, Mama. Akwai mai nauyi: ta kwashe duk abin da ke kanta ta rubuta a faifan ajiya da ke cikinta, ta mutu murus. Ko batir ya ƙare, ba abin da zai ɓace. Amma rubutawar da tashin suna shan wuta. Akwai kuma gyangyaɗi: abin yana nan a ƙwaƙwalwarta, wata 'yar wuta tana ta tuna mata. Ni gyangyaɗin nake sa ta."

Har wani abu da yake sa ta adana aiki da kanta bayan kowane 'yan mintoci, shi ma ya kashe, wai yana tayar da faifai a banza.

Na ce, "In 'yar wutar ta ɗauke fa?"

"Ba za ta ɗauke ba, ina lura."

Na ce, "Ni ma ina lura da garwashina, amma sau nawa na tashi na tarar da toka?"

Ya yi dariya, ya ce ai wannan kimiyya ce, ba murhu ba.

Jikata tana da shekara tara ciwo ya kama uwarta a ciki. Da likita ya daina kallon idonmu, ita ma ta gane. Ta ce wa mijinta ya kawo kwamfutar asibiti, za ta bar wa yarinyar magana ta karanta in ta girma. Kwana uku tana faɗa yana bugawa, ina gefen gado ina goge mata zufa. Ta faɗi yadda za ta riƙa shafa wa gashinta mai don kada ya karye irin nata. Ta ce tabon da ke gwiwar yarinyar laifinta ne, ita ta sake ta a bakin kwata, ta yafe mata. Ta ce kada ta auri wanda take jin tsoron yin dariya a gabansa. Ta faɗi abubuwa da yawa, numfashi ɗaya kalma uku.

Na tambaye shi, "Ka adana?"

"Yana ciki, Mama. In ta gama sai in adana gaba ɗaya, sau ɗaya."

Ba ta gama ba. Da hantsin rana ta huɗu ta cika. Kwamfutar ta koma gida a jaka, aka rataye ta bayan ƙofa, mutane na shiga suna fita da gaisuwa. Kwana goma sha biyu kafin ya tuna da ita. Ya buɗe, baƙi ƙirin. Ya sa caji, ta tashi fes, shafi fari tas kamar 'yata ba ta taɓa buɗe baki ba.

Ya kwance ta ƙusa-ƙusa. Ya kai wa abokan aikinsa, suka ce abin da bai taɓa sauka a faifai ba, ba inda za a tono shi. Sai ya zauna ya rubuta nasa, ya karanta wa yarinyar: ki yi biyayya, ki dage da karatu, ki riƙe gaskiya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Baba, Ummana ba haka take magana ba."

Da la'asar ya same ni a tsakar gida ina tsefe mata kai. Ya kore ta ɗaki, ya durƙusa, ya rame kamar tsinken tsintsiya, takarda da biro a hannu.

"Mama, kina wurin. Don Allah ki faɗa in rubuta."

Na dube shi. Ko baƙi ɗaya ban sani ba, amma kalma ɗaya ba ta faɗi daga kaina ba.

Na ce, "Nata zan ba ta da bakina, kaɗan-kaɗan, ba ta hannunka ba."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a takardar. Ban ji komai ba. Washegari na ɗaure kayana, kuma tun daga ranar yarinyar ke zuwa wurina, ni da shi ko gaisuwa babu. Amma a la'asar ɗin nan, kafin ya tashi daga durƙuson, na ƙara masa:

"Kai ma ta bar maka naka. A rana ta uku, da ta tsaya jan numfashi, ka rufe murfin don kar batir ya tafi a banza, ka fita. Tana ta kiranka. Da ba ka dawo ba, ni ta faɗa wa. Magana ce mai daɗi, Injiniya, ta fi ƙarfinka. Da ita za a binne ni."