Muryar Kaka a Cikin Filash

Kakata ta wajen uba ita ce ta ƙarshe a gidanmu na Salaga da ta iya jero sunayen kakanninmu fatake, waɗanda suka zo neman goro suka zauna. Ba ta iya rubutu ba, komai a ka yake, har zangon da kowannensu ya sauka da rijiyar da ya sha. Wata damina na je hutu, na tsare ta yini uku ina ɗaukar muryarta a waya, tana ɓarar gyaɗa tana ba da labari.

Da na koma Yendi, inda nake koyarwa, waya ta dame ni da kukan ta cika. Sai na kwashe muryoyin na zuba a filash, wani ɗan mitsitsin baƙi da bai kai yatsa ba, na goge na wayar. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa kullum su riƙa ajiye abu wuri biyu, ni ce na bar Kaka a wuri ɗaya.

Bayan rasuwarta aka yi addu'ar arba'in a Bawku, a gidan ƙanin mahaifina da muke kira Baba Ƙarami. Da aka shafa, ya ce a kunna musu muryar tsohuwa. Na soka filash a kwamfutar 'yarsa. Don kada dattawa su gaji da jira tsakanin guntu da guntu, na ce bari in haɗe su in adana a kan filash ɗin. Koren layi ya fara tafiya a hankali.

To, a gidanmu duk abin da mamaci ya bari, carbi ne ko zobe, sai ya zaga hannun manya kowa ya yi addu'a kafin a yi amfani da shi. Na san wannan sarai, sha'afa na yi. Ina juyawa in amsa gaisuwar wata gwaggona, Baba Ƙarami ya miƙa hannu, ya yi bismillah, ya zare filash ɗin.

"Baba! Bai gama ba fa!"

"Me bai gama ba, 'yata? Ai yanzu za a mayar. Uwata ce a ciki, ba za a buɗe ta babu addu'a ba."

Raina ya ɓaci matuƙa. Ina kallo filash ya bi hannu hannu, kowa ya rufe shi a tafi kamar an ba shi goro.

Da aka mayar, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, wai a wanke shi a fara sabo. Na yi musu bayani cewa tana tsakiyar rubutu aka fizge, kuma ko ta gama, sai an danna ta sake shi kafin a cire. Baba Ƙarami ya daɗe yana duban hannunsa. Ni kuwa na san laifina ya fi nasa.

Wani mai gyara a Yendi ya yi kwana biyu a kai, ya ceto guntu ɗaya da bai kai minti ba. Babu sunan kowa a ciki. Farkon yinin farko ne, ana jin ruwa a kan kwano, sai muryarta:

"Ke, ajiye abin nan ki ci tuwo tukuna. Sunayen nan ina za su je? Ai ina nan."

Na tura wa Baba Ƙarami. 'Yarsa ta ce sau ɗaya ya saurara, bai sake cewa a kunna masa ba.