Shayin da baƙona bai sha ba a Omdurman

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku daga jami'a, za mu taron masana addini da siyasa a Khartoum. Abokan tafiyata kan siyasa za su yi magana. Ni kuwa shekara goma ke nan ina bincike kan Kiristocin nan da ake kira Mormon, aikin da a gida har tambayata ake yi ko lafiya. A jakata akwai littafin da na gama rubutawa, ina son tsohon malamina da ke Omdurman ya yi masa gabatarwa. Shi kaɗai nake jin zai fahimce ni.

Zafin Khartoum ba a magana. Wake da burodi safe da rana, kowane gindin bishiya da mace mai shayi. Ranar da na gabatar da takardata mutum huɗu ne a zauren, ɗaya ma sanyin na'ura ya kawo shi. Ɗakin siyasa kuwa ba masaka tsinke. Kaɗaici ya kama ni sosai. Wani farfesa Ba'amurke, shi kansa Mormon ne, shi kaɗai ya yi tambaya, sai na gayyace shi gidan Malam.

Muka haye gada zuwa Omdurman a ƙaramar bas. Malam jikan alhazan ƙasarmu ne da suka zauna a can, ya taɓa koyarwa a Kano. Da hannunsa ya zuba shayi ya miƙa wa baƙo. Baƙon ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri, addininsu ya hana shayi da gahawa. Hannun Malam ya tsaya a sama. Babi guda na rubuta kan wannan hanin, amma ban tuna na gaya wa Malam ba.

Malam ya sa aka kawo zoɓo mai sanyi, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka taɓa cin abinci da ɗayansu?"

"A'a, Malam. Littattafansu dai na karanta."

Ya miƙo min littafina da na ajiye a gabansa, bai buɗe ba. "Ma'alesh, yi haƙuri. Je ka zauna da mutanen tukuna, ba'aden, daga baya, ka kawo."

A jirgin dawowa abokaina suna ta hira, ni ina rungume da jaka, kunya da takaici sun cika ni. Na gane cewa takarda na sani, ban san mutanen ba. Tun da na sauka Kano nake neman wani Mormon da zai karɓe ni a gidansa. Malam ya haura tamanin, ban sani ba ko zai jira ni.