Layin Inji a Bakin Rijiya

Shekarar da damina ta sake ƙi, gonarmu ta Gatawa ta zama fili tsura, sai na samu aiki a Isa, a ofishin wani kamfanin hatsi. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka masinja aka ɗauke ni. Amma ainihin aikina shayar da inji ne.

Uwar injin tana Sakkwato. Ban taɓa ganinta ba, direbobi dai sun ce ɗaki guda ta cika. Namu na Isa ɗanta ne, akwati mai gilashi a fuska, waya ta haɗa shi da uwar, kuma buhu ba ya fita daga sito sai sun yi shawara. Ba ya son zafi ko kaɗan. Rana na takewa sai ya fara rubuta shirme, daga nan ya ɗauke. Fanka ta yi iya yinta ta kasa. Manaja ya sa aka rataya tsofaffin buhuna a tagogi, ni kuma in riƙa jiƙa su don iska ta shigo da sanyi. Ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ranar da zafi ya kashe injin nan, in kama hanyar Gatawa. Ni kuwa da wannan aikin gidanmu ke ɗora tukunya.

Rijiya ɗaya ta rage da ruwa a unguwar. Mai unguwa ya damƙa layinta a hannun wata tsohuwa da kowa ke ce wa Gwaggo. Tsarinta shi ne daɗewa: gidan da ya riga zama shi ke riga ɗiba, baƙi kuma a ƙarshe, lokacin da guga ke fitowa da laka. Tun da injin ya zo kafin fari, an lissafa shi gida guda, bayan mai gyaran keke, gaban wanzami.

Muna haka sai ga wani injiniya daga Sakkwato ya sauka daga bas da jakar hannu. Ya ce za a sauya wa uwar injin yare. Da wani tsohon yare ake yi mata magana, Kobol, yanzu kuwa an samo na zamani, kuma dole ɗanta ma ya bi. Sunan sabon ban taɓa furta shi ba, don tsoron kada in faɗa ba daidai ba. Da na ga ya ɗan huta na matsa kusa.

“Ranka ya daɗe, in an gama, shi ne dai injin namu?”

Ya yi dariya. “Malam, ba za ka gane shi ba. Sabo ful zai koma.”

Ranar ban iya cin tuwo ba. In sabo ne, ke nan da sunan wanda ba ya nan za ni riƙa ɗibar ruwa, a gaban gidajen da ke da yara. Ga shi kuma da ragowar ruwan garwar injin nake alwala. Na juya abin ta kowace fuska ban ga mafita ba. Da safe na durƙusa gaban Gwaggo na zayyana mata komai.

Ba ta ko ɗaga kai daga igiyar da take ƙullawa ba. “Sabo na? To baƙo na. Ƙarshen layi.”

Daga ranar laka nake kaiwa ofis. In na shafa wa buhunan sai su bushe su yi tauri kamar yaɓen rumbu, iska ta daina shiga gaba ɗaya. Injin ya shiga rubuta shirme tun da hantsi, da sabon yare kuma, har injiniyan ya rasa ko laifin zafi ne ko nasa. Masu jakuna suka cika ƙofar sito suna jira. Manaja ya kira ni ya ce, “Wa ya aike ka?” Na ce ba kowa. Ya ce to in je in kwance abin da na ƙulla, kuma in tafi da injiniyan.

Aka zauna a zauren mai unguwa. Akwai Gwaggo, akwai wani malamin makarantar zaure da aka roƙa ya saurara, sai wanzami, wanda ya matsa gaba a layi kuma bai da niyyar komawa baya.

Wanzami ya fara. “Allah shi ba ka nasara, wanda yas sake halshe ya sake gida. Ƙanena ya tahi Maradi ya komo da Faransanci, ko ina kwana sai an tuna mai.”

“Amma ba mu amshe mai gona ba,” in ji mai unguwa.

“Wancan da zanen Gobir ga huskatai,” in ji Gwaggo. “Ko Sinanci ya komo da shi mun san ɗanmu. Wanga ina nashi zane?”

Wanzami ya yi tunani, sana'a ta rinjayi ƙishirwa. Ya ce in dai zane ne, askarsa na cikin zabira, kuma ba zai tsawwala ba. Injiniya ya miƙe zumbur ya ce duk wanda ya kai ƙarfe jikin gilashin nan sai dai ya yi bayani a Sakkwato. Ni dai na ga mai unguwa ya fara gyaɗa kai wajen Gwaggo.

Sai malamin ya gyara zama ya ce, “Ɗan samari, tsohon halshen, ina kunka kai shi? Kun rufe shi ne?”

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce a gaskiya yana nan ciki. Wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin ƙasar, ba wanda ya san inda ya fara da inda ya ƙare, kuma sun taɓa gwada cire wani ɓangare sai sito uku suka ɓace daga lissafi. Don haka suka bar shi yana aikinsa. Sabon yaren a bakin ƙofa yake, ya karɓi saƙo ya miƙa ciki, ya karɓo amsa ya miƙo waje.

“Af,” in ji malamin. “Ashe mai gida na nan. Baƙo ne yas sauka wurinai.”

Gwaggo ta ce in haka ne gida ya koma layinsa. Ta ƙara da cewa tun tana yarinya gidan da ya yi baƙo ana ƙara masa guga, kuma ba a kanta za a fara rowa ba. Wanzami ya ce shi ma ai yana da baƙo. Ta ce ya kawo shi ta gani.

Haka na fita daga zauren da ruwa fiye da wanda na shiga nema, hankalina kuma ya fi tashi. Na bi injiniyan har tasha ina tambayarsa yaushe ɗayansu zai tashi, don in daina karɓar ƙarin. Ya ce ba da daɗewa ba za a kwashe tsohon gaba ɗaya, ya shige bas. Har na bar aikin ba a kwashe shi ba.

Buhunan suka koma ɗiga, injin ya koma hayyacinsa, Manaja ya daina kallona. Sai dai kullum a bakin rijiya, kafin ta ba ni gugan ƙari, Gwaggo takan ce, “Su biyun suna nan?” Ni kuwa ba na shaidar abin da ban gani ba. Don haka kafin in fito nakan kafa kunnena a jikin akwatin in daɗe ina saurare. Gurnani ne dai guda, wata rana in ji kamar biyu.

“Na dai ji motsi, Gwaggo,” nakan ce mata.

“Kawo garwa,” in ji ta.