Ranar da Kaka ta ƙi shiga fayil

Kakata ta wajen uba ce kaɗai ta san yadda danginmu suka sarƙe, daga unguwar Asawase har ta Buokrom. Da mantuwa ta fara kama ta, sai na rubuta 'yar manhaja, na riƙa zama gabanta ina shigar da abin da ta faɗa. Wata Asabar da hantsi kanta ya washe tas. Ta yi ta zubo sunaye har azahar, har da mutanen da babana bai taɓa jin labarinsu ba.

Da na danna in adana aikin a fayil, manhajar ta ƙi.

A cikinta kowane mutum yana nuna danginsa. Idan ta zo rubuta Kaka, sai ta bi ta rubuta mijinta. Shi kuma yana da mata, wato Kaka, sai ta koma kanta, daga nan ta sake komawa kansa. Haka take ta zagaye har ta gaji ta watso mini jan rubutu. Ga auren zumunci ya cika gidanmu, ta ko'ina ka bi, nan za ka dawo.

Aikin duka yana ƙwaƙwalwar kwamfuta, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wayar wutar soket ɗin bango kawai take numfashi. In aka ɗauke wuta komai ya tafi, kuma na san Kaka ba za ta sake faɗar wannan ba. Tsoro ya kama ni sosai. Ban isa in rufe ba, ban isa in matsa da ita ko taku ɗaya ba. Ɗakin zafi kamar tanda, ni kuwa idona na kan fanka, in ta rage gudu gabana ya faɗi.

“Maigida, ka yi shiru,” in ji Kaka. Haka take kirana don tsokana. “Mashin ɗin ya gaji da ni ne?”

“Ke ce kika ƙi shiga, Kaka.”

Sa'ata ɗaya, ina iya rubuta sabon umarni ba tare da na kashe manhajar ba. Da farko na ce duk wanda aka riga aka rubuta, in an sake cin karo da shi a tsallake. Fayil ya fito kuwa. Na buɗe shi a gefe, sai ga Kaka da miji, amma mijin ba shi da mata, baffanta kuma, mahaifin mijin, ba shi da ɗa. Na raba auren da mutuwa ce kawai ta iya raba shi. Na goge da haushi.

An kira la'asar ina zaune, ko alwala ban tashi na yi ba. Daga baya na ba kowa lamba. Mutum sau ɗaya za a rubuta shi, duk inda ya sake fitowa sai a sa lambarsa. Wajen buɗewa kuma a fara tayar da mutanen duka, sannan a ɗaura kowa da nasa. Na gwada. Na tambayi fayil ɗin matar mijin Kaka, ya ba ni Kaka, ita ɗin dai, ba wata mai kama da ita ba. Na kwafe shi a waya.

Kaka ba ta sake samun rana irin wannan ba. Kafin azumi ta daina gane 'ya'yanta.

Tun daga nan, in za a yi aure ko an yi rasuwa, ni ake nema. Na so in koma Ankara, babban birnin ƙasarmu, da aiki, gwaggona ta ce, “Ka tafi ina? Wa za mu tambaya?” Na ce zan tura wa kowa fayil ɗin. Ta ce ita ba ta tambayar waya.

Har yau ina ɗakin nan, kusa da soket ɗin. Jiya na kai wa Kaka koko, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Kai ɗan wa ne?” Na zauna na faɗa mata, tun daga baffanta, yadda ta faɗa mini.