Inna Balkisa da Kajin da Suka Yarda da Hannu

Da hantsi, idan Inna Balkisa ta gama shara a ofisoshin Paris, sai ta hau bis ta koma Stains, unguwarmu da ke wajen birnin. Ba gida take nufa ba. Lambun da ƙungiyarmu ta Hausawa ta karɓa a bayan benaye take wucewa, ta buɗe akurki, ta tsugunna da tsaba a tafin hannu. Ba ta kira, ba ta kai hannu. Zama take yi har kajin su gaji da kallonta su matso.

Tun 1990 take wannan aiki, kuma ba wanda ya sa ta. Kajin na ƙungiya ne, wahalar tata ce. Ran Laraba, da yake ba lakwal, wato makaranta, yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su san kaza ba sai a cikin ledar kanti, suna cika lambun.

"Kar ki zo mata ta sama, shirwa take zato," haka take ce musu. "Ta gefe. Rufe fukafukan, ki tallafi ƙirjin. In ta fara haki, sauke ta."

Maƙwabciyarta Fatimata ta taɓa tambayarta, "Inna, kajin nan daɗin ɗauka suke ji, ko haƙuri suke yi?"

"Wata na so, za ki ga ta lumshe ido ta saki jiki. Yawancinsu haƙuri ne, don sun san ni. Waccan baƙar kuwa, Hajiya Kar-a-taɓa, ta ƙi, ni ma na bar ta da halinta. Ai ba dole ba ne, amana ce."

Bana gwiwoyinta suka gaza. 'Yarta Hamida ta ce ta koma wurinta a Villeurbanne, kusa da Lyon. Inna ta tashi a taron ƙungiya ta roƙi abu ɗaya: a sami wanda zai karɓi kajin, ta koya masa kafin ta tafi. Zaure cike da masu digiri da manyan riguna, kowa ya ce, "In sha Allahu za a duba." Mun iya wannan kalmar. Da ita muke binne duk abin da muka ƙi ɗauka.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdourahamane, ya duba. Ya ce a yi mata walimar bankwana, kuma a wurinmu ba a karrama mutum sai an yanka kaza. Ran Asabar Inna tana gida tana ɗaure kaya, maza suka shiga lambun. Ba a yi guje-guje ba. Ɗayansu ya tsugunna ya buɗe tafi yadda ya ga tana yi, kajin suka zo. Baƙar ce kawai ta tashi ta haye rufin maƙwabta.

A wajen walima Alhaji ya miƙe yana murmushi. "Hajiya, da abin hannunki muka karrama ki. Kajin gida, ba na kanti ba!"

Aka tafa. Inna ta dubi farantin da ke gabanta.

"Alhaji, sun gudu?"

"Wane gudu! Da ƙafarsu suka zo. Wallahi kin iya horo."

"Ni na koya musu," in ji ta. Ta ajiye farantin, ta ce a ba ta ruwa.

Ba mugunta Alhaji ya yi ba, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Shekaru muna wuce ta a tsugune, ba wanda ya tsaya ya gane abin da take yi. Muna kuka 'ya'yanmu sun zama baƙi, ga wadda ke ɗora musu wani abu na gida a hannu kowace Laraba, muka dafa aikinta da albasa muka ce mun gode.

Inna, ke ce mai hannun sanyi. Ke ce kika nuna wa yaranmu cewa abin da ya fi su rauni ba a cafke shi, jira ake yi ya yarda. Ba ki zagi kowa ba a zauren nan, kuma da kin zaga da mun fi samun sauƙi. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyinki lafiya.

Ta ɗage tafiyarta har ta samu baƙar ta shiga kwali da kanta, ta hau jirgin ƙasa da ita zuwa Lyon. Kazar tana can a lambun wata maƙwabciya. Hamida ta ce daga nesa Inna ke watsa mata tsaba yanzu, ba ta buɗe mata tafi.

Makullin akurkin yana hannun Fatimata, kuma yara ba su daina leƙowa ran Laraba ba. Duk wanda ya ci naman nan, ya kawo kaza ɗaya, ya tsugunna kamar Inna. Idan ta zo hannunsa, ya tsaya mata.